Likita ta ce ƙanina ya zaɓi maganin da yake so, anya haka ake yi kuwa?

Maman Abba, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka mun da shawara, abin nan ya tsaya mun a rai tun ranar Talata. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 27, okada yake yi. Tun da aka hana okada a su Ikeja da Surulere da Apapa a 2022 yake aikin a ɓoye, ya bi lungu ya kauce ma babban titi, ƙarshe dai aka kama mashin ɗin kuma bai ma gama biyan mai shi ba. To daga nan yaro ya canza gaba ɗaya. Baya barci, ƙarfe uku na dare sai in ji motsinsa a tsakar gida, abinci sai dai ya tsakura ya ture, ya rame har sai da ya ƙara huji a bel ɗinsa. Mutumin da in ya shigo yarana ke rige-rigen ɗalewa jikinsa, yanzu sai ya zauna bakin ƙofa ya zuba ma ƙasa ido, ka yi mishi magana sau uku kafin ya ɗago.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti, tun bayan asuba muka fita, muka yanki kati muka bi layi har wajen azahar. Likitar mace ce, kuma tsakani da Allah ta saurare mu bata yi mana gaggawa ba. Ta ce ciwon damuwa ne amma bai kai mai tsanani ba. Sai ta ce hanya biyu ce, ko a ɗora shi kan ƙwaya yana sha kullum, ko ya riƙa zuwa sati-sati yana zama da wani ma'aikaci suna magana ana koya mishi yadda zai yi da tunanin da ke cinsa, ko kuma a haɗa duka. Kawai sai ta juya ta kalle shi ta ce wanne yake so. Wallahi raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ke da kika yi karatun ai ke za ki faɗa, yaron da ko ruwa sai an ce ya sha shi ne zai zaɓi magani? Shi kuma ya yi shiru can ya ce shi maganar yake so, baya son ƙwaya. Ni ƙwayar na so don ina ganin ta fi sauri, kuma kuɗin danfo zuwa da dawowa duk sati ni zan biya. Ga yayanmu can Katsina yana ta kira wai a sa shi a mota a dawo da shi gida a yi mishi ruƙiyya.

Tambayata ita ce, wannan zaɓin da ake ba mara lafiya yana da wani amfani ne, ko dai likitocin zamani ne ke sauke nauyi daga wuyansu? In koma in ce mata ta rubuta ƙwayar kawai?

Ɗan Gwari na Mile 12

Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah Ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, tumatir da tattasai nake sayarwa, amma bari in ba ki labarin kaina. Hawan jini gare ni. Farkon da aka gano, likitan ko ɗago kai bai yi ba, ya rubuta takarda ya miƙo mun ya ce na gaba. Na saya na fara sha, ba a yi wata ba tari ya kama ni, irin busasshen nan mara majina mai ƙaiƙayi a maƙoshi, in na kwanta kamar ana sosa mun wuya da gashin kaza, a sahu ma ina tari mutane na waige. Ban san daga maganin ba ne, amma jikina ya ba ni, sai na ajiye shi saman firij na ci gaba da harkata ban faɗa ma kowa ba, wata huɗu cur bana shan komai. Sai da jiri ya kwashe ni wata rana muna sauke kwanduna daga tirela.

Da aka kai ni wani wurin, wannan likitan ya tambaye ni me ya sa na daina, na faɗa mishi gaskiya. Ya ce ai maganin da aka ba ni, lisinopril, na sa wasu mutane irin wannan tarin, akwai wani amlodipine shi kuma wasu yana kumbura musu ƙafa, ya ce kai da kake tsayuwa yini guda me ka gani? Kuma yaushe ya fi maka sauƙin sha, safe ko dare? Na ce a gwada mun na biyun, kuma in riƙa sha bayan asuba don da zarar na shiga kasuwa ko sunana mantawa nake. Yau shekara uku ban tsallake ba sai in ya ƙare mun. Abin da na lura shi ne maganin da aka cusa mun na farko ban taɓa jin nawa ba ne, na likita ne, shi ya sa na watsar ba tare da na ji komai ba. Wannan kuwa da bakina na ce na yarda, to kunya ma ba za ta bar ni in koma in ce na bari ba. Ki duba fa, in kin sa aka rubuta ƙwayar, ke za ki tsaya kansa kullum sai ya haɗiye? In ya ɓoye ƙarƙashin harshe fa?

Nas Ummi, Idi-Araba

Anti sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka miki. Ni nas ce kuma na yi aiki ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, to ki bar ni in ɗan tsawaita.

Likitar nan ba sauke nauyi ta yi ba. Ki lura ba ta ce mishi je ka kemis ka ɗauko abin da ka ga dama ba, ita ta auna shi, ita ta tace hanyoyin ta bar guda biyu da ta san kowacce na aiki, sannan ta miƙa mishi. In ciwon damuwa bai yi tsanani ba, ƙwaya da zaman magana kusan kunnen doki suke wajen warkarwa, to tunda haka ne abin da zai raba gardama shi ne wanne mutum zai iya jurewa har ƙarshe, wannan kuma mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Maganar sauri da kika yi ma ba haka take ba Anti, ƙwayar damuwa ba kamar panadol ba ce, sai an yi sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara ganin canji, a kwanakin farko ma wani sai ya ji tashin zuciya ko ciwon kai, kuma ko ya ji sauƙi ana so ya ci gaba da sha aƙalla wata shida, ba a kuma yanke ta lokaci guda. Mutumin da dama baya so, a satin farko zai ce ai ga shi ba ta yi komai ba ya jefar, na ga irin haka ba adadi, sai ka ga uwa ta zo da leda cike da magani ko ɓare shi ba a yi ba.

An yi bincike sosai kan wannan. A 2018 wani masani a Amurka, Joshua Swift, shi da abokan aikinsa sun tattara bincike 53 da ya ƙunshi mutum sama da 16,000, suka ga waɗanda aka ba irin maganin da suka fi so ba su cika tserewa a tsakiya ba, kuma sun ɗan fi samun sauƙi. Bambancin warkewar ba wani babba ba ne, gaskiya ɗaya ce, amfanin ya fi fitowa wajen tsayawa a kan magani. Wani tattarawar da aka yi a 2013 kuma ya nuna kusan uku cikin huɗu na mutane zaman magana suka fi so a kan ƙwaya, kinga ƙanin naki ba shi kaɗai ba ne.

Amma wanda ya fi taɓa mun zuciya tsoho ne, na 1976, Ellen Langer da Judith Rodin suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat ta Amurka. Tsofaffin wani bene aka ce kowa ya zaɓi shukar da yake so ya riƙa ba ta ruwa da kansa, ya zaɓi daren da zai kalli fim. Na ɗaya benen su ma an ba su shuka amma aka ce nas za ta kula musu da ita, komai za a yi musu. Bayan sati uku, tsofaffin benen farko sun fi kuzari da walwala da shiga mutane. Yanzu ki tuna abin da ya samu ƙaninki, an hana shi hanya ba a tambaye shi ba, an ɗauke mashin ba a tambaye shi ba, mai bashi na binsa, ke ke ciyar da shi, yaya na cewa a sa shi a mota. Shi kansa ciwon damuwar abin da yake raɗa ma mutum kenan, cewa ba abin da ke hannunka. Sai ga wata ta kalle shi ta ce me kake so, kuma ya buɗe baki ya amsa. Ni a wurina maganin ya fara tun daga nan.

Iyaka dai akwai. In ya fara maganar mutuwa ta fi mishi, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko yana jin muryoyi, kar ki jira ranar da aka ba ku, ki mayar da shi a ranar, in dare ne akwai lambar gaggawa 112 ko 767. Kuma in an yi wasu makonni ba canji a koma a sake zama, zaɓin yau ba ɗaurin aure ba ne.

Tsohon Malamin Makaranta, Obalende

'Yata Ummi kin yi bayani mai kyau, amma ku bar ni in ja ta wani gefen, don na kwana biyu a garin nan, tun Legas na babban birnin ƙasa nake nan. Zaɓin da kuke magana a kai na mai hali ne. Wanda zai taso daga Agege ko Alaba Rago, ya shiga mota biyu, ya sha goslo, ya rasa cinikin yini guda don zaman awa ɗaya, ai aljihunsa ya riga ya zaɓa mishi tun kafin likita ta buɗe baki. Sannan da wane harshe za a yi maganar? Zaman magana fa magana ce zalla. Yaron da Turancinsa na buroka ne na ciniki da fasinja, yaya zai fito da abin da ke ƙasan zuciyarsa? In kuma yayarsa ce tafinta, akwai abin da har abada ba zai faɗa a gabanta ba. Na sha raka mutanenmu asibiti, likita ya yi bayani mai tsawo, ɗan rakiya ya juyo ya ce wai ka sa hannu a nan, shikenan an ce mara lafiya ya zaɓa.

Kuma mu mun ga abin da rashin tambaya ke haifarwa. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba wanda ya fahimtar da su cewa gwaji ne, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da mutane suka riƙa tunawa a 2003 da aka ƙaurace ma allurar shan inna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Don haka ni ban ce kar a tambaya ba, cewa nake tambayar da ba fahimta a cikinta hoto ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma abin da ta ce kenan, a faɗa ma mara lafiya hanyoyin da ake da su da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa yana da ikon ƙi, kuma da harshen da yake ji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta ba su haƙƙin a yi shawara da su.

Abu na biyu, mu ba a yi mu don mutum ya yanke hukunci shi kaɗai a ɗaki ba. Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, nan kusa da mu, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa tare da shi, har masu maganin gargajiya ya jawo jiki ya yi aiki da su. Maman Abba ba 'yar kallo ba ce, ita ke biyan mota, tana da ta cewa.

Nas Ummi, Idi-Araba

Baba gaskiyarka ce musamman maganar harshe, Anti ki tambaya ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa, in babu ya zaɓi tafintan da shi yake so ba wanda aka ɗora mishi ba, kuma ki tambaya ko wasu zaman za a iya yinsu ta waya. Maganar dangi ma an gwada, a 1999 Sheena Iyengar da Mark Lepper sun ga yara 'yan asalin Asiya a Amurka sun fi dagewa kan aiki in aka ce musu mamarsu ce ta zaɓa, su kuma yaran Turawa sai in su suka zaɓa da kansu. To wani in ya ce yaya ki zaɓa mun, ko likita abin da kika gani, shi ma zaɓi ne a girmama shi. Sai dai shi wannan bai ce haka ba Baba, ya faɗi nasa da bakinsa.

Alaramma na Alaba Rago

Bismillah. Malama, game da kiran yayanku, ruƙiyya da asibiti ba kishiyoyi ba ne da za a ce sai an saki ɗaya. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, kuma Fatiha da Falaƙi da Nasi ba sai an je Katsina ake karanta su ba, shi da kansa zai iya tofawa a hannu ya shafa kafin ya kwanta, yana kuma zuwa wajen likitarsa. Sannan ki tuna hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo ta nemi addu'a, Annabi (SAW) bai yanke mata ba, ya ce in ta so ta yi haƙuri tana da Aljanna, in ta so ya roƙa mata lafiya, ta zaɓi haƙuri ta kuma nemi a roƙa mata kar jikinta ya riƙa buɗewa in abin ya tashi, ya roƙa mata. Ba ina cewa a bar magani ba ne, a'a, ina nuna miki cewa an tambaye ta, kuma abin da ya fi damunta ba shi ne wanda na waje zai zata ba. Ki zauna da shi ku biyu, ba faɗa ba lallashi, ki tambaye shi dalili.

Maman Abba, Agege

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Alaramma na bi shawararka jiya bayan isha'i da yara suka yi barci, na dama mishi kunun gyaɗa na zauna kusa da shi na ce Auta me ya sa baka son ƙwayar. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sai ga hawaye. Ashe lokacin da yake okada tramadol yake sha don ya iya jure yini a kan mashin, shekara biyu yana sha ban sani ba, da ƙyar ya rage, kuma har yanzu in abin ya taso mishi yakan nemi ɗaya. Ya ce abokinsa da suke kwana ɗaki ɗaya a gabansa ya faɗi yana ta karkarwa kumfa na fita a bakinsa, shi ya sa da ya ji an ce ƙwaya kullum sai gabansa ya faɗi. Wallahi jikina ya yi sanyi, ni ina can ina jin haushin likita.

Na kira yayanmu na ce a bar shi nan tukuna, bai ji daɗi ba amma ya ce to. Nas Ummi dan Allah wannan maganar tramadol ɗin dole ne likitar ta sani? Yana jin kunya, ya ce kar in faɗa.

Nas Ummi, Idi-Araba

Dole ta sani Anti, ƙwayar damuwa ba ta sa maye irin na tramadol, amma haɗa su biyun na da haɗari sosai, yana iya kawo jijjiga da zazzaɓi mai tsanani, kuma tramadol ɗin kansa na iya zama cikin abin da ke hana shi barci. Sai dai kar ki riga shi, ki ce mishi ko ya faɗa da kansa ke kina waje, ko ya rubuta a takarda ya miƙa mata, ko in ya yarda ki faɗa yana zaune. Ranar yaushe aka ba ku?

Maman Abba, Agege

Talata mai zuwa ƙarfe tara. Ya ce zai faɗa da kansa, in jira shi a benci.